Li'irabin Layin Umarni: Yadda Harsunan Fankishin Ke Tantance Magana Kafin Na'ura Ta Aikata

Gabatarwa

Ranar 28 ga watan Fabrairu na shekarar 2017, da misalin ƙarfe tara da rabi na safe agogon yammacin Amurka, wani ma'aikacin kamfanin Amazon ya buga wa kwamfuta umarni. Nufinsa shi ne ya cire 'yan kaɗan daga cikin manyan kwamfutocin da ke riƙe da rumbun ajiyar bayanai mai suna S3 a cibiyar kamfanin ta arewacin jihar Bajiniya, domin ana binciken wata matsala da ta shafi lissafin kuɗin masu hulɗa. Umarnin sananne ne a wurinsu, a rubuce yake cikin ƙa'idojin aiki. Sai dai ɗaya daga cikin bayanan da ya raka umarnin da su ya shiga ba daidai ba, na'ura kuwa ta zartar nan take, ta cire kwamfutoci masu yawa fiye da yadda aka nufa. Aka shafe sama da awa huɗu kafin al'amura su daidaita, shafuka da manhajoji masu ɗimbin yawa da suka dogara da rumbun suka tsaya cik. Har allon da kamfanin ke sanar da jama'a lafiyar ayyukansa ya kasa nuna halin da ake ciki na wani lokaci, domin shi ma da rumbun ya dogara.

Masu iya magana sun ce magana zarar bunu ce. Babu inda wannan karin magana ya zauna daram kamar a gaban kwamfuta. Ɗan aike mai hankali, in an ba shi saƙon da bai yi kan gado ba, yakan tsaya ya ce, "Ranka ya daɗe, haka kake nufi kuwa?" Ita kuwa na'ura abin da aka faɗa mata shi take yi. Saboda haka masana suka mai da hankali ga wata 'yar ƙofa da kusan kowace manhaja take da ita, watau wurin da kalmomin da mutum ya buga ke shiga a fassara su kafin a fara aiki. Wannan maƙala za ta bayyana abin da ke faruwa a bakin wannan ƙofa, da dabarar da wani rukuni na harsunan kwamfuta, waɗanda ake kira harsunan fankishin, suka ɓullo da ita domin tsaron ƙofar.

Asalin Layin Umarni

Kafin a yaɗa linzami da hotunan da ake latsawa a fuskar kwamfuta, mai son magana da na'ura kai tsaye haruffa yake buga mata, layi bayan layi. Tsarin da ya fi yaɗuwa a yau ya samo asali ne daga Unix, babbar manhajar sarrafa kwamfuta wadda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara ginawa a ɗakunan bincike na Bell da ke Amurka cikin 1969. A wancan zamani abin da ake buga umarni da shi wata irin tafireta ce mai suna Teletype 33, wadda ba ta wuce haruffa 10 a daƙiƙa ɗaya, ga madannanta da tauri. Wannan na daga cikin abin da ya sa aka riƙa taƙaita sunaye: ls domin jera fayiloli, cp domin kwafa, rm domin gogewa.

Har gobe wannan hanya tana raye. Da ita ake sarrafa manyan kwamfutocin da ke riƙe da intanet, da ita masu binciken kimiyya ke aika lissafinsu ga manyan injuna, kuma da ita manhajoji ke kiran junansu da tsakar dare babu ɗan Adam a kusa.

Ga misalin umarni ɗaya:

head -n 5 rahoto.txt

Wanda ya karanta nahawun Hausa zai gane ginin wannan jimla ba tare da wahala ba. Kalmar farko, head, ita ce aikatau, watau sunan manhajar da ake so ta yi aiki, aikinta kuwa shi ne nuna farkon fayil. Kalmar ƙarshe, rahoto.txt, ita ce karɓau, abin da aikin ya faɗa wa. Abin da ke tsakani, wanda ya fara da karan ɗori, ya yi kama da bayanau, domin yana faɗin yadda za a yi aikin: a nuna layi biyar. Shi ake kira zaɓi, lambar 5 kuma ita ce ƙimarsa. Akwai kuma zaɓin da ba ya ɗaukar ƙima, kasancewarsa kaɗai ta isa, shi ake kira tuta. Aikin rarrabe waɗannan kalmomi, a san matsayin kowace, shi ne abin da masu nahawu ke kira li'irabi, kuma a nan ma sunan ya dace.

Abin da Manhaja Ke Tararwa

Umarnin ba ya isa ga manhaja kai tsaye. Akwai wata manhaja a tsakani da ake kira shel, ma'anar sunan kuwa ɓawo, domin ita ce ta lulluɓe cikin na'urar. Shel tana yayyanka layin duk inda ta ga tazara, ta kira manhajar da aka ambata, ta miƙa mata sauran kalmomin a jere. A harshen C, wanda Ritchie ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1970, wannan jeri ana kiransa argv, adadin kalmominsa kuma argc. Iyakar abin da manhaja ke samu ke nan: zallar haruffa. Lambar 5 ma a lokacin harafi ce kawai, ba a riga an mai da ita adadin da za a yi lissafi da shi ba. Sanin wace kalma ce zaɓi, wace ce ƙima, wace ce sunan fayil, duk ya rataya a wuyan manhajar.

Da yake Unix ta bar wa kowa ya yi li'irabinsa, sai kowane marubuci ya yi nasa salon. Manhajar tar tana karɓar haruffan zaɓi ko da babu karan ɗori. Manhajar dd tana son a rubuta mata if= da of=. Manhajar find tana da dogayen sunaye masu karan ɗori ɗaya, kamar -name. A can ɓangaren MS-DOS kuwa sanda jirge aka sa a gaban zaɓi, kamar dir /w, shi ya sa da aka kawo tsarin foldoji cikin 1983 aka koma ga sanda jirge mai kallon baya domin raba sunayensu, abin da Windows ta gada har yau.

Ko a cikin salo ɗaya ma, abu guda yana da fuskoki da yawa. Ana iya rubuta -n 5, ko -n5, ko --lines 5, ko --lines=5, duk ma'anarsu ɗaya. Ana iya cure tutoci biyu, -l da -a, su zama -la. Haɗarin ya fi fitowa fili a wurin alamar tauraro, wadda shel ke maye gurbinta da sunayen dukan fayilolin da ke cikin folda. A ce akwai folda mai ɗauke da wasiƙa ɗaya, da wata ƙaramar folda mai suna bincike, da kuma wani fayil da aka raɗa wa suna -rf, ko bisa kuskure ko da mugun nufi. Mutum ya buga rm * yana sane da cewa rm ba ta taɓa foldoji sai an ba ta izini. Shel ta buɗe tauraron, abin da ya isa ga manhajar ya zama rm -rf tare da sauran sunayen. Ita kuwa rm ba ta da hanyar sanin cewa -rf sunan fayil ne, sai ta ɗauke shi a matsayin izinin goge foldoji da duk abin da ke cikinsu ba tare da tambaya ba. Aikin bincike na shekara guda yana iya tafiya a haka. Domin maganin irin wannan aka sanya ƙa'idar karan ɗori biyu tsurarsu: duk abin da ya biyo bayan -- karɓau ne, kome kamarsa da zaɓi.

Tsohuwar Hanya

Domin a rage wannan rarrabuwa, aka samar da wani ɗan shiri a harshen C mai suna getopt wajen 1980. Kamfanin AT&T ya sake shi ga jama'a a wani taro da aka yi a birnin Dalas cikin 1985, ƙa'idojin POSIX suka amince da salonsa cikin 1992, aikin GNU na Richard Stallman kuma ya ƙara masa dogayen sunaye masu karan ɗori biyu. Lalle getopt ya yi wa duniya hidima, har yanzu dubban manhajoji da shi suke aiki.

Amma yadda yake aiki yana da wuraren zamewa. Marubuci yakan ba shi ɗan rubutu kamar "k:l", ma'ana akwai zaɓin k mai ɗaukar ƙima, da tutar l. Sa'an nan ya riƙa kiransa a kai a kai, kowane kira ya fito da zaɓi ɗaya, ya rubuta ƙimarsa da inda aka tsaya a wasu wurare na kowa da kowa masu suna optarg da optind. Sun yi kama da allo a tsakar gida, wanda duk mai wucewa ke iya gogewa ya rubuta nasa. Bayan haka marubuci zai rubuta abin da za a yi da kowane harafi a wani wuri dabam, ya kuma rubuta saƙon taimako ga mai amfani a wuri na uku. Bayani ɗaya a wurare uku, in an gyara ɗaya aka manta da sauran, sai takardar taimako ta riƙa faɗin abin da manhaja ba ta yi.

Har wa yau akwai matsalar mai da haruffa adadi. Shirin atoi na harshen C, wanda aka daɗe ana wannan aiki da shi, in an ba shi kalmar "goma" sifiri yake mayarwa, bai ce uffan ba. In kuwa mutum ya so rubuta 10 ya buga harafin O a maimakon sifiri, sai ya mayar da 1. Aiki ya ci gaba da adadin da ba wanda ya nufa. Mafi muni shi ne manhajar da ke cuɗa li'irabi da aiki, ta buɗe fayil tun a zaɓi na farko, ta fara rubutu a na biyu, sai a na huɗu ta gano kuskure ta tsaya, ta bar aiki rabi da rabi.

Harsunan Fankishin

A ilmin lissafi, fankishin ƙa'ida ce da ke karɓar ƙima ta mayar da wata. Fankishin ninki biyu in an ba shi 4 zai ba da 8, yau da gobe da baɗi, kuma ba ya taɓa wani abu a waje. A shekarun 1930 Alonzo Church ya nuna cewa ana iya gina lissafi duka a kan irin waɗannan ƙa'idoji. Daga wannan tushe John McCarthy ya fito da harshen Lisp cikin 1958, Robin Milner ya fito da ML a Jami'ar Edinbara cikin shekarun 1970, John Backus kuma, wanda ya jagoranci ƙirƙiro Fortran, ya yi amfani da laccarsa ta karɓar lambar yabo ta Turing cikin 1977 ya yi kira a koma ga wannan salo. Cikin 1987 masana suka kafa kwamiti a wani taro a birnin Portland domin haɗa ƙarfi a kan harshe ɗaya, wanda ya fito cikin 1990 da sunan Haskell, domin tunawa da masanin manɗiƙi Haskell Curry. A Faransa kuma cibiyar bincike ta INRIA ta fitar da OCaml cikin 1996.

Abubuwa biyu ne suka bambanta Haskell a wannan fage. Na farko shi ne tsarki: fankishin ba shi da ikon goge fayil ko rubutu a allo a ɓoye. Duk abin da ke hulɗa da duniyar waje tilas ya ɗauki tambarin IO, kowa ya gan shi. Na biyu shi ne nau'i: kowace ƙima tana da nau'inta, adadi dabam, rubutu dabam, i ko a'a dabam. Tafinta, watau manhajar da ke juya rubutun ɗan Adam zuwa harshen na'ura, ba ya yarda a haɗa nau'o'in da ba su dace ba, yakan ƙi fassarawa tun manhajar ba ta taɓa aiki ba.

Da wannan ido, li'irabin layin umarni ya rabu gida biyu. Karɓo kalmomin daga shel hulɗa ce da waje, shirin getArgs ke yin ta, kuma layi ɗaya ne. Sauran aikin duka fankishin ne mai tsarki: a ba shi jerin kalmomi, ya mayar da ɗayan abu biyu, ko dai bayanin kuskure, ko cikakken tsarin abin da mutum ya nema. Babu na uku. Tun da fankishin ɗin ba shi da ikon taɓa fayil, ba yadda za a yi a fara aiki alhali ana tsakiyar li'irabi. In an ba shi "goma" a wurin adadi, shirin readMaybe yana mayar da Nothing, watau babu, kuma marubuci ba zai kai ga adadin ba sai ya buɗe sakamakon ya ga akwai ko babu. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Bugu da ƙari, ana iya jarraba irin wannan fankishin da dubban jerin kalmomi cikin ƙiftawar ido ba tare da tsoron ɓarna ba.

Mataki na Farko

Cikin 1996 Sven Panne na ƙasar Jamus ya juya getopt na GNU zuwa Haskell, aikin da ya shiga babbar taskar harshen da sunan System.Console.GetOpt. A nan marubuci yakan rubuta jadawali ɗaya, kowane layi ya ƙunshi gajeren sunan zaɓi, da dogon sunansa, da ko yana ɗaukar ƙima, da bayaninsa. Daga wannan jadawali ake yin li'irabi, daga gare shi kuma ake buga saƙon taimako, saboda haka ba sa saɓa wa juna. Sakamakon yakan fito kashi uku a lokaci guda: zaɓuɓɓukan da aka gane, da sauran kalmomin, da kurakurai.

Akwai wata dabara mai ban sha'awa da ake yi da shi. A Haskell fankishin ma ƙima ne, ana iya ajiye shi a jeri kamar adadi. Sai a mai da kowane zaɓi ɗan fankishin da ke karɓar tsari ya mayar da sabon tsari mai gyara guda. A fara da tsarin asali, a bi da shi ta cikinsu ɗaya bayan ɗaya, kamar takardar da ke bin ofisoshi kowanne ya buga hatiminsa, abin da ya fito a ƙarshe shi ne nufin mai umarni. Manhajar pandoc, wadda John MacFarlane, malamin falsafa a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ya fara rubutawa cikin 2006 domin juya rubutu daga wannan siga zuwa waccan, da wannan taska take tantance zaɓuɓɓukanta masu yawan gaske. Gibin da ya rage shi ne, karɓau yana fitowa a zallar haruffa, kuma duba ko an kawo abin da yake dole yana nan a hannun marubuci.

Gini da Ƙananan Tubala

Cike wannan giɓi ya zo ne daga wani reshe na bincike. Tun 1975 William Burge ya nuna cewa ana iya ɗaukar mai li'irabi a matsayin fankishin, a haɗa ƙanana su ba da babba. Philip Wadler cikin 1985 da Graham Hutton cikin 1992 suka faɗaɗa wannan tunani, Daan Leijen kuma ya fitar da taskar Parsec wadda ta shahara tun farkon shekarun 2000. Cikin 2012 Paolo Capriotti ya kawo dabarar ga layin umarni da taskarsa mai suna optparse-applicative.

A ɗauka ana son rubuta manhaja mai suna buga, wadda za a kira kamar haka: buga --kwafi 3 --launi rahoto.txt. Da farko marubuci zai faɗi siffar abin da yake so ya samu:

data Tsari = Tsari { kwafi :: Int, launi :: Bool, fayil :: String }

Watau tsari yana da gurbi uku: adadin kwafi, da i ko a'a game da launi, da sunan fayil. Sa'an nan ya ba kowane gurbi ɗan mai li'irabinsa:

tsari = Tsari
  <$> option auto (long "kwafi" <> short 'k' <> value 1 <> help "yawan kwafi")
  <*> switch (long "launi" <> help "a buga da launi")
  <*> argument str (metavar "FAYIL")

Layi na farko ya ce akwai zaɓi mai suna kwafi, gajeren sunansa k, in ba a ambace shi ba a ɗauka 1 ne. Na biyu tuta ce. Na uku karɓau ne, kuma da yake ba a ba shi ƙimar asali ba, kawo shi dole ne. Alamomin da ke farkon layukan su ne ƙasar da ke ɗaure tubalan. In marubuci ya manta da layi ɗaya, ko ya sa tuta a gurbin adadi, tafinta zai ƙi fassarawa ya nuna masa wurin. Tun ran gini ran zane.

Mai umarni yana da 'yancin jera zaɓuɓɓukansa yadda ya ga dama. Abu uku ana iya jera su ta hanya 6, abu goma kuwa ta hanya 3,628,800, adadin da ba wanda zai bi ɗaya bayan ɗaya. Taskar ba ta bin su. Kowace kalma ta zo sai ta duba ginin gaba ɗaya ta nemi gurbin da ya dace da ita, ta cike shi, ta wuce ga ta gaba. In kalmomi sun ƙare sai ta duba guraben da suka rage: mai ƙimar asali ya ɗauki tasa, wanda ba shi da ita kuma ya zama kuskuren da za a sanar. Manhajoji irin su git, masu ƙananan umarni a cikinsu kamar commit da push, su ma ana iya gina irinsu da tubalan nan, kowane ƙaramin umarni da nasa tsarin.

Fom da Hira

Sirrin wannan taska yana cikin rabin sunanta na biyu. Akwai hanya biyu ta haɗa ƙananan ayyuka a Haskell. Ɗaya ita ce monad, wadda harshen ya runguma domin hulɗa da waje cikin 1996. Tana kama da hirar likita da majiyyaci: tambaya ta biyu ta danganta ga amsar ta farko, saboda haka ba mai iya rubuta jerin tambayoyin kafin a fara hirar. Ɗayar kuwa, wadda Conor McBride da Ross Paterson suka bayyana a wata maƙala ta 2008 suka kira ta afilikatib, tana kama da fom ɗin neman shiga jami'a: dukan guraben an buga su tun kafin ɗalibi ya ɗauki alƙalami. Tun cikin 1996 Doaitse Swierstra da Luc Duponcheel suka nuna amfanin mai li'irabin da ake iya nazarin gininsa kafin ya fara aiki.

Hira ta fi fom iko, amma fom yana da abin da hira ba ta da shi: ana iya karanta shi tun ba a cike ba. Da gangan taskar Capriotti ta tsaya ga fom. Da haka take iya bin guraben ta buga cikakken saƙon taimako in an buga --help, ta faɗi ainihin abin da aka bari in an yi mantuwa, ta ba da shawarar suna mafi kusa in an yi tuntuɓen harafi, ta kuma koya wa shel yadda za ta ƙarasa wa mutum sunan zaɓi tun bai gama bugawa ba. Duk daga bayani ɗaya. Capriotti da Ambrus Kaposi sun shimfiɗa lissafin da ke ƙarƙashin wannan a wata maƙala ta 2014. A ɓangaren OCaml ma an bi wannan sawu. Tsohon shirin Arg na harshen yana aiki ne ta hanyar canza ƙimomi a wuraren ajiya, amma taskar Cmdliner ta Daniel Bünzli, wadda manhajojin opam da dune ke aiki da ita, fom take ginawa, har littafin jagora take fitarwa daga gare shi.

Nau'i yana da wani amfani kuma. A ce manhaja tana da tutar --shiru da tutar --surutu. In an ajiye kowace a gurbin i ko a'a, yanayi huɗu ke yiwuwa, ɗaya daga ciki kuwa, shiru da surutu a lokaci guda, ba shi da ma'ana, kuma kowane sashe na manhajar sai ya yi ta fargabar haɗuwa da shi. In kuwa aka ƙirƙiri nau'i mai fuska uku kacal, shiru da matsakaici da surutu, to an warware rikicin a bakin ƙofa, ciki ba wurin da zai zauna. Wannan ne jigon wata maƙala da Alexis King ta rubuta cikin 2019, wadda ta yaɗu ƙwarai tsakanin masu rubuta manhaja: duba bayani a bar shi a yadda ya zo bai isa ba, a juya shi zuwa nau'in da ba ya iya ɗaukar kuskuren.

Iyakar Dabarar

Kome kyan wannan tsari, yana da inda ya tsaya. Koyonsa yana bukatar haƙuri, domin alamominsa baƙi ne ga wanda ya saba da C ko Python. Tsofaffin salo irin na dd da find ba sa shiga cikinsa cikin sauƙi. Wasu ruɗani kuma a cikin al'adar layin umarni suke, ba harshen da zai kawar da su. Lambar -5 tana kama da zaɓi. Zaɓin da ke iya ɗaukar ƙima ko ya zo babu ita yana jawo shakka a kan kalmar da ta biyo shi, shi ya sa ls ta GNU ke son a rubuta --color=never a haɗe, ita kuwa optparse-applicative ta ƙi irin wannan zaɓi gaba ɗaya.

Babbar iyakar ita ce, jimla tana iya zama daidai a nahawu amma ta kauce wa nufi. Wanda ya so 10 ya buga 100 ya ba da adadi ingantacce, ba mai li'irabin da zai shiga zuciyarsa. Abin da za a iya yi shi ne a shigar da sanin aikin cikin ƙofar. Bayan abin da ya faru cikin 2017, Amazon ta gyara kayan aikinta ya riƙa cire kwamfutoci a hankali, ya kuma ƙi duk umarnin da zai rage su ƙasa da adadin da aiki ke bukata. Haka kuma tun 2006 rm ta GNU take ƙin goge tushen dukan fayilolin na'ura sai an ƙara mata wani zaɓi na musamman. A harshen fankishin irin wannan shinge yana da mazauni a shirye: a maimakon a karɓi kowane adadi, sai a ƙirƙiri nau'in da ba ya samuwa sai adadin ya faɗa tsakanin iyakoki biyu, mai li'irabi ya mayar da duk wanda ya haura. Amma sanin inda ya kamata a kafa shingen aikin ɗan Adam ne.

Kammalawa

Li'irabin layin umarni ƙaramin sashe ne na manhaja, sau da yawa bai fi layi talatin ba, shi ya sa ɗalibai kan bar shi sai ƙarshe su yi shi a gaggauce. Alhali kuwa ta nan ne kowane umarni ke shiga. Abin da harsunan fankishin suka koyar a wannan fage ya taƙaita ga abu uku: a kammala fahimtar umarni kafin a taɓa kome, a mai da haruffa zuwa nau'in da ke tsare ma'anarsu, a kuma rubuta bayanin zaɓuɓɓuka sau ɗaya, li'irabi da taimako su fito daga gare shi. Waɗannan ƙa'idoji suna aiki ko da a wani harshe mutum yake rubutu. Ɗalibin da ke son gwadawa da hannunsa zai sami tafintan Haskell mai suna GHC kyauta, kuma manhajar buga da aka kawo a sama ta isa mafari: ya ba ta "goma" a wurin adadi, ya hana ta sunan fayil, ya ga yadda za ta tsaya ta yi masa bayani tun ba ta ɓata takarda ko ɗaya ba.